Daren Gala a jirgin ruwa: Malam ya ce ba zai sa kwat ba, ya za mu yi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa shiga irin jirgin nan ya amsa min, ba wanda ya gani a bidiyo ba.

Babban yaronmu da ke aiki a Jamus ne ya biya mana tafiya, ni da mahaifinsa, saboda ritayar da Malam ya yi daga koyarwa. Jirgin ruwan shaƙatawa ne na kamfanin MSC, kwana 7, cikin watan Oktoba. Daga Barcelona zai tashi, ya tsaya Marseille a Faransa, sai Genoa da Naples da Messina a Italiya, sai Valletta a Malta, ya dawo inda ya taso. Biza ta fito, alhamdulillah. Abin da ya hana ni barci yanzu kaya ne.

Yaron ya ce akwai daren da suke kira Gala, kowa zai yi shiga ta musamman kafin ya shiga ɗakin cin abinci. Ya turo min hotuna, maza duk cikin baƙar kwat, wasu da ɗan ƙaramin nektai mai kama da malam-buɗe-littafi, mata kuwa dogayen riguna ne masu ƙyalli, kafaɗa a waje. Ya ce a auna Malam a turo masa awon, zai saya masa kwat a can. Da na gaya wa Malam, bai ko ɗago kai daga littafin da yake karantawa ba, ya ce bai sa kwat ranar aurensa ba, bai sa ba ranar da aka ba shi digiri, don haka ba zai fara da furfura a tsakiyar ruwa ba. Ya ce in babbar riga ba ta yi musu ba, a kawo masa shayi da burodi ɗaki. Wanda ya san Malam ya san an gama magana.

To shin za a bar shi ya shiga da babbar riga da hula, ko za a tare mu a bakin ƙofa a kunyata mu gaban surukarmu? Ni kuma me zan sa? Ina da leshi mai duwatsu da na ɗinka bikin Ilham, amma nauyinsa kaɗai ya kusa kilo uku. Ina da abayoyi masu kyau da lafaya biyu. Sauran dararen fa, kullum sai an caɓa ado?

Alhaji na Leeds:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma bar Malam da gaskiyarsa.

Ni na yi tafiya a Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, daga Southampton zuwa New York, dare 7 ba a tsaya ko'ina ba. In ana maganar tsauri kan sutura, su ne gaba a wannan harka. Ƙarfe 6 na yamma tana yi, jirgin yake sauya kama, ba a ganin gajeren wando ko rigar ƙwallo a manyan zauruka. Duk da haka shigar gargajiya ta ƙasar mutum karɓaɓɓiya ce a wurinsu a daren Gala, in dai ta fita ce. Na ga 'yan Scotland da buje mai zane-zanen nan nasu, gwiwa a waje, na ga matan Indiya da sari. Ni kuwa farar shadda na sa, riga da 'yar ciki da wando, da aikin hannu a wuya, da zanna bukar. Babu wanda ya tare ni. Abin da ya dame ni ma masu cewa in tsaya a yi hoto ne.

Al'adar ta samo asali ne tun zamanin da jirgin ruwa ne kaɗai hanyar tsallaka teku. Cunard tun 1840 suke tsallaka Tekun Atlantika, kuma masu kuɗin da ke ajin farko sukan sauya kaya kafin cin abincin dare kamar yadda suke yi a gidajensu. Mu ma ba baƙi ba ne a ciki. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, a jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya taso daga Apapa zuwa Liverpool lokacin da ya zo karatu, tafiyar kusan mako biyu, kuma ya sha ba mu labarin yadda ya ci abincinsu da rigarsa ta gida. Sai 1974 jirgin ya daina zirga-zirga.

MSC kuwa ba su kai Cunard tsauri ba ko kusa. Abin da suke hanawa da dare a babban ɗakin abinci shi ne gajeren wando, singileti, kayan ninƙaya da silifas. Hular da ba a so ita ce hana-sallah. Hularmu ɓangare ce ta shigar, kada ya cire. Abu ɗaya zan ja masa kunne a kai, takalmi. Ya sa sau-ciki mai rufi, a goge shi. Na san dattawanmu da son buɗaɗɗen takalmi ƙarƙashin riga ta dubban ɗaruruwa, to mai tsaron ƙofa da bai san darajar shadda ba ƙafa zai kalla.

Anti Bilki:

Maman Ilham, Alhaji ya gama miki da maganar ƙofa. Ni zan gaya miki wadda maza ba sa tunawa, domin ba su ke haɗa akwati ba.

Guga. Ba a shiga jirgin ruwa da dutsen guga, kusan duk kamfanonin sun hana, saboda babu abin da suke tsoro a teku kamar gobara. Akwatunanki za su bi ta na'urar bincike kafin a kai miki ƙofar ɗaki, in suka ga dutse za su riƙe shi sai ranar sauka. A wata tafiya da muka yi, wata 'yar'uwa da muke tare ta ga akwatin kowa ya iso ban da nata, sai ga takarda an turo ta sauka ƙasa ta buɗe shi gaban jami'ai. Dutsen guga ne da kaskon turare na lantarki da gawayi. Duk suka karɓe. Don haka turaren wuta ma ki manta da shi, ko na tsinke ne, akwai na'urar gano hayaƙi a rufin kowane ɗaki. Ki turara kayanki sosai a gida, ki naɗe su cikin leda tun da ɗumin ƙamshin, ki riƙe humra da turaren fesawa. Kwana bakwai ƙamshin zai kai ki.

To shadda ba guga ya za ta kasance? Ki kai wa masu bugu kwana biyu kafin tafiya, ki ce ta tafiya ce, kada su cika mata sitati, domin mai sitati da yawa in ta karye a ninki layin ba ya fita. Ki bar ta a ninkin da suka yi mata, ki shimfiɗa a saman akwati, kada ki ɗora komai a kai. Kuna shiga ɗaki ki rataye ta. In ta ɗan yamutse, akwai wanki da guga na kuɗi a jirgin, za ki tarar da jaka da takardar cikewa a cikin kabad, ki bayar tun ranar farko domin kowa zai kai nasa gab da Gala. Amma ki rubuta guga kawai, ki kuma nuna wa mai gyaran ɗakin aikin wuyan da hannunki. Ni dai ba zan miƙa Getzner mai aikin hannu ga injin wankin da ke wanke zannuwan gadon mutum dubbai ba.

Naki kuwa mai sauƙi ne. Leshin nan mai duwatsu ki bar shi a Zariya, ko Kano ce, ban sani ba. Ba don bai dace ba, in kin sa shi ke za a kalla. Nauyi ne, ga shi zai ci rabin akwati, ga gwaggwaro da zai so a ɗaura shi a ɗakin da in kin miƙa hannu biyu kin kusa taɓa bango da bango. A tafiyar kwana 7 daren Gala ɗaya ne ko biyu. Abaya mai aiki ɗaya da lafaya ɗaya sun gama miki, kuma ba sa yamutsewa. Sauran dararen doguwar rigar atamfa da mayafi ta wadatar, Malam kuma kaftani da hula. Kullum za ki ga shigar daren a takardar shirye-shiryen yini ko a manhajarsu ta waya, ba sai kin yi ta tambaya ba. Ki jefa farin kaya guda a akwati, domin MSC sun saba yin daren fararen kaya, musamman lokacin zafi. Ba dole ba ne, amma Malam da farin yadi ya riga ya ci wannan ba tare da ya sani ba.

Abu biyu kuma. Ranar shiga akwati kan yi jinkiri har yamma, shi ya sa daren farko ba a matsa wa kowa, amma ki sa mayafi da kayan salla a jakar hannu. Daren ƙarshe kuma ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, su kwashe cikin dare, sai a tashar sauka za ki sake ganinsu. Ki ware kayan da za ku sa da safe tukuna.

Sadiq_Injiniya:

Mama, da girmamawa ga Alhaji, ni ina ganin babbar riga ta yi yawa. Ba don doka ba. Teburan ɗakin abincin a matse suke, kujera na gogar kujera, ma'aikata na wucewa da faranti shida a hannu. Hannun riga zai sha miya. In kuma aka fito saman jirgi bayan abinci, iskar teku da dare ba ta wasa, rigar za ta cika da iska, hula ta yi Italiya ita kaɗai. Kaftani mai kyau, baƙi ko ruwan toka, da maɓallan hannu, ya fi tsari.

Kuma fa ba tilas ba ne. Wanda ba ya so sai ya hau wurin ɗebi-da-kanka a sama, can ko ranar Gala da kayan gida ake ci. Yanzu ma harkar ta sassauta, kamfanin Norwegian ba su da daren dole sam, Royal Caribbean kuma ka sa abin da ya fi maka kyau ne kawai. Rabin abin ma don a sayar muku da hoto ne, za ku ga masu kyamara sun kafa fitilu a kowace matakala.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, Zariya ce, kuma wallahi kaskona na cikin jerin abin da na rubuta zan ɗauka, na biyu ma bayan fasfo. Na soke shi.

Sadiq ɗana, maganar iska na ji ta. Amma ta hawa sama mu ci a tsaitsaye ban karɓa ba. Yaron nan ya tara kuɗi ya biya don ya zauna teburi ɗaya da ubansa a daren, ba don mu ɓuya ba. Hannun riga kuwa, mutumin da ya shekara da shekaru yana rubutu da alli a allo cikin babbar riga ya san yadda ake naɗe ta a kafaɗa. Na karanta wa Malam abin da Alhaji ya rubuta, ya ce dama shi bai ga abin tambaya ba. Takalmin ne muke kan ja, ya ce sau-ciki na matse masa yatsa.

Saura abu ɗaya. An ba mu zaɓi tsakanin zaman cin abinci na farko da na biyu. Wanne ya fi, ganin magariba?

Anti Bilki:

Ki ɗauki na biyu. Na farko yakan fara wajen shida zuwa shida da rabi, ga shi a Oktoba rana na faɗuwa a yankin nan tsakanin wajen shida da wajen bakwai da rabi, in ban da kwanakin ƙarshen wata da ake mayar da agogo baya awa ɗaya, ya danganta da inda kuke, kuma abincin kashi-kashi ake kawo shi, ya kusa awa biyu. Magariba za ta same ku da cokali a hannu. Na biyu sai wajen takwas da rabi ko tara, kun yi salla a ɗaki cikin natsuwa, sannan Malam ya zura rigarsa ba ta sha ruwan alwala ba. In yunwa ta matsa kafin lokacin, a hau sama a ɗan taɓa wani abu. Alƙibla kuma ki duba talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba.

Ki riƙe mayafi mai ɗan kauri, sanyin na'ura a ɗakin abinci da zauren wasanni ba kaɗan ba ne. Gwal ɗinki ki sa shi daren Gala kawai, sauran lokaci ya zauna a ƙaramin akwatin ƙarfen da ke cikin kabad, kada ki fita da shi titin La Rambla na Barcelona ko cikin Naples, masu yankan aljihu sun ƙware. In za a zagaya da kofuna a tire a daren, mai kumfar nan giya ce, ki ce a ba ki lemo.

Takalmi mai tsini kuma kada ma ki ɗauka. Valletta hawa ce da gangara da matakala, babban cocinsu na St John ma ba sa barin mai tsini ya shiga saboda marmarar da ke ƙasa. Na Malam kuwa, ki sa yaron ya mayar da kuɗin kwat ɗin kan sau-ciki mai faɗin baki, lamba ɗaya sama da wadda yake sawa, ya fara taka shi a gida tun yanzu.