Wuƙar silba ta ƙi yin kaifi: wa ya taɓa taurara ƙarfe marar tsatsa ya yi nasara?

Ɗan maƙera, Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara tara ke nan ina ƙera wuƙa da sifirin mota, ban taɓa jin kunya ba. Bana wata hajiya mai gidan abinci ta ce ta gaji da tsatsa, na silba take so, guda shida. Na samo falle mai sheƙi wajen 'yan gwangwan, na yanka, na wasa, na zuga shi ya yi ja, na tsoma a baƙin mai kamar kullum. Da na ɗora magagari sai ya ci shi kamar sabulu. Albasa uku ta dakushe shi. Ina na kuskure?

Mai walda, Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, ka kai masa maganaɗisu? In bai kama ba, da alama samfurin silba mai lamba 304 ka saya, wanda ake tankin ruwa da teburin kicin da shi. Wannan ko kwana ka yi kana zuga ba zai taurara ba, don kusan babu kabon, sinadarin da ke sa ƙarfe ya yi tauri, a cikinsa. Ni ma ya ci ni. Tsohon tire na yanka na yi wuƙar yankan kaza, kyau kamar madubi, ranar farko bakinta ya naɗe a ƙashin cinya. Mai ɗakina har yau da ita take kankare ƙanzo.

Amma kada ka ce duk wanda ya kama shi ke nan. 430 yana kamawa, shi ma ba ya yin tauri. Waɗanda ake wuƙa da su su ne irin 420, 440C, da na Suwidin kamar 12C27 da AEB-L.

Ɗan maƙera, Ƙofar Ruwa:
Yanzu na gwada, yaya. Bai kama ba ko kaɗan. Kuɗina sun tafi.

Tsohon maƙeri, Kurmi:
Yaro, kakanka da ya ƙera wa mahauta wuƙa bai san wata silba ba. A wanke, a goge, a shafa man gyaɗa, ina tsatsa za ta fito? Na taɓa gwada wani almakashin asibiti da aka kawo mini, na sa shi a gawayin ƙirya. Da ya yi jan da na sani na tsoma, bai ji ba. Na ƙara wuta har ya yi fari-fari, bakin ya ƙone ya fara marmashi. Daga ranar na ce ba ni ba shi.

Malamin ƙere-ƙere, Gwale:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka gani gaskiya ne, kuma yana da dalili. Sifiri yana karɓar tauri a wajen digiri 830 na ma'aunin Salsiyas, dab da inda maganaɗisu ke sakin ƙarfe, wato 770. Shi ya sa ido da maganaɗisu suke isar maƙeri. Shi kuwa marar tsatsa akwai kuromiyam, sinadarin da ke hana tsatsa, a jikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, a 440C ma wajen 17. Kuromiyam ɗin yana ƙulle kabon, ba ya sakinsa sai an kai 1050 ko sama kaɗan, kuma a riƙe shi a nan. Siriri kamar AEB-L minti goma zuwa sha biyar, 440C ya fi son kusan rabin awa. Wane zuga-zugi ne zai tsaya cak a wuri ɗaya tsawon haka?

Ga yadda na yi nawa a murhun lantarki mai ma'auni. Na naɗe ruwan wuƙar a siririyar takardar ƙarfe marar tsatsa, ba ta alminiyam ba, na ninke bakin sau biyu don kada iska ta cinye kabon ɗin fatarsa. Da lokaci ya cika na zaro da awartaki, na danna shi tsakanin fallayen alminiyam biyu masu kauri, na hau kai da gwiwa. Ba mai, ba ruwa. Cikin minti biyu ana iya taɓawa, kuma ya fito a miƙe sambal. Na jefa shi firiza, sannan na gasa a oban ɗin gida a 175, awa biyu, ya huce, na sake awa biyu. Magagari zamewa ya riƙa yi a kai, yana ƙara kamar an goga shi a kwalba.

Karon farko dai asara na yi, wuta ta ɗauke a minti na shida. Yanzu sai na tayar da janareta tukuna.

Mahauci, Fagge:
Ni mai amfani ne, ba maƙeri ba. Ina da ta silba 'yar kanti, ina da ta Baba irin ta da. Wajen fiɗa ranar layya ta Baba nake ɗauka, sau biyu a dutse ta dawo aska. Ta silbar santsi take yi a dutse, sai ka gaji. Amma tumatir da lemon tsami kam, ta Baba kafin la'asar ta yi baƙi, har nama ya ɗauki ƙarni. Hajiyarka ba ta yi ƙarya ba.

Mai walda, Sharaɗa:
Wata dabara da na koma yi: a Sabon Gari ana samun manyan wuƙaƙen kicin na gwanjo masu karyayyen ƙota. An riga an taurara su tun daga kamfani. Sai ka fitar da siffar da kake so a injin wasa, kofin ruwa a gefenka, kana tsomawa duk bayan shafa biyu. Da ka ga bakin ya yi shuɗi to ka kashe taurin wurin, sai ka cinye shi ka wuce. Huda ramin ƙusa ne wahala, na karya bakin diril uku kafin na koma bin tsofaffin ramukan.

Ɗan maƙera, Ƙofar Ruwa:
Na gode ƙwarai. Gobe zan leƙa Sabon Gari da maganaɗisu a aljihu, in yi wa hajiya biyu ta gwada tukuna. Malam, in na samo AEB-L ɗin, murhun naka yana ɗaukar wuƙa mai inci goma? Man janareta a wuyana.