Muhawara: Shin Ƙirga Wasula Ya Isa A San Gaɓa?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. A ganina an cika wahalar da yara da maganar gaɓa. Gaɓa ba komai ba ce illa baƙi da wasalinsa. Ka ƙirga wasulan da ke cikin kalma, ka san yawan gaɓoɓinta, shi ke nan. Ita ce kuma mafi ƙanƙantar yankin kalma. Sauran sunayen nan, ƙwayar sauti, ƙwayar ma'ana, ɗafi, saiwa, duk abu ɗaya ne aka canza wa riga a jami'a. Shekara da shekaru ina koyar da ba, bi, bu, kuma yarana suna karatu.

Ɗalibin Harsuna:
Wa'alaikumus salam Malama. Ba mai ja da ke kan cewa ba, bi, bu na koya wa yaro karatu. Amma ki gwada dokar taki a kan kalmar "aiki". Wasula uku ne a rubuce, a da i da i. Gaɓa nawa kike ji in kin faɗe ta? Biyu ce: ai-ki. "Ƙwai" kuma fa? Harafi huɗu, wasali biyu a takarda, amma baki sau ɗaya yake buɗewa. Ƙw sauti ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu, kamar sh da ts da gy, shi kuma ai tagwan wasali ne. Kin ga kalma ɗaya ta ba mu lissafi uku: harafi 4, ƙwayar sauti 2, gaɓa 1.

Malamar Firamare:
To ai wannan togiya ce kawai, ɗana. A ce ai da au wasali ɗaya ne, doka ta zauna.

Tsohon Edita:
Malama, da zarar kin ce a ɗauki ai a matsayin ɗaya, kin riga kin bar takarda kin koma kunne, kuma nan ne inda gaɓa take zaune. Ki duba "ma'aikata". Me ya sa muke sa wannan ɗan waƙafin na sama? Saboda akwai hamza, baƙi ne cikakke, shi ya raba ma da ai. Haka "sa'a": sa-'a. Irin wannan hamzar tana farkon "aiki" da "ido" da "uwa", ƙa'idar rubutun boko ce kawai ta ce kada a rubuta ta a farkon kalma. Ba gaɓar Hausa da ke farawa da wasali tsurarsa. Na yi shekaru ina gyaran rubutun mutane, kuma mafi yawan masu tsinka kalma ba daidai ba a ƙarshen layi, da ido suke yanka ta, ba sa furta ta.

Uwar Yara Biyu:
Wannan ya faru a gabana. 'Yata ta zo da aikin gida, an ce ta raba kalmomi gaɓa-gaɓa. Ta rubuta a-i-ki, ta rubuta ha-u-ka. Na ce ajiye fensirin, sa bayan hannunki ƙarƙashin haɓarki, ki faɗi kalmar a hankali. Ta ce "hau", haɓa ta sauka sau ɗaya, ta ce "ka", ta sake sauka. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama, biyu ne ashe." Ban koya mata wata doka ba.

Ɗalibin Harsuna:
Bari in koma kan rabi na biyu na maganar Malama, don shi ya fi damuna, wato cewa gaɓa da ƙwayar ma'ana (mafi ƙanƙantar yankin kalma mai ɗauke da ma'ana ko aiki) abu ɗaya ne. Ɗauki "marubuci". Gaɓa-gaɓa: ma-ru-bu-ci. Amma in ma'ana za a bi, yankan daban ne: ma- ɗafa-goshi mai nuna mai aikatawa, rubut saiwa, sai -i ɗafa-ƙeya mai nuna namiji tilo. Wannan c ɗin na ƙarshe t ne na saiwa da ya ganɗance, wato ya koma c, saboda i, shi ya sa yake dawowa a "marubuta". Ta fuskar ma'ana c na hagu yake, tare da saiwa. Ta fuskar furuci kuwa ya tsallaka dama ya haɗu da i. Wuƙa biyu ce, kowace da inda take yanka. Sannan ga "gidan": -n ɗin nan yana da aiki, shi ke nuna nasaba, amma ba gaɓa ba ne, ya lafe ne a jikin gaɓar "da".

Mai Neman Sani:
Ni dai ina bayan Malama ta wani gefen. Ci, sha, zo, je, duk gaɓa ɗaya ne kuma kalmomi ne. Ko a "makaranta" ai ma kalma ce, ka kalma ce, ran kalma ce, ta kalma ce. Ashe gaɓa ba ƙaramar kalma ba ce?

Tsohon Edita:
Dacewa ce, ɗan'uwa. Ran da ke cikin makaranta ba shi da haɗi da rai ko rana. In ka ɗauki "littafi", me lit ke nufi? Kalma tana iya zama gaɓa ɗaya, amma ba a tambayar gaɓa ma'ana.

Mai Aruli:
Ku ba ni dama, don ku duka kuna ta ƙirga, ba wanda ya auna. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Ta farko marar nauyi ce, biyun nan masu nauyi. Malama, ki faɗi "ya fasa tulu", sannan ki faɗi "ya fasa tafiya". Harafi iri ɗaya, gaɓa biyu-biyu, karin sauti ma iri ɗaya. Me ya raba su? Nauyin gaɓar farko. Boko ba ya nuna wannan, ajami kuwa yana nunawa, don zai sa alif a fasa ta biyu. Mu masu aruli, wato ilimin auna baitin waƙa, da wannan muke aiki kullum. Ƙafa jerin gaɓoɓi ce da ake auna baiti da ita, kuma ƙafar fa'ulun gaɓa ce marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu. "Karatu" ta cika ta, "zumunci" ta cika ta, amma "da kai ne" ma ta cika ta, alhali kalma uku ce. To ƙafa ma ba kalma ba ce, ba kuma gaɓa ba ce. Shi Halilu ɗan Ahmadu na Basra, da ya tsara aruli a ƙarni na 8, bai ma yi lissafi da gaɓa kai tsaye ba, da harafi mai motsi (mai wasali) da mai ɗauri (marar wasali) ya yi. Abin da ya kira sababi mai sauƙi, motsi ɗaya da ɗauri ɗaya, shi ne gaɓarmu mai nauyi.

Malamar Firamare:
Allah ya gafarta Malam, wannan ai sana'ar mawaƙa ce. Wanda bai taɓa rubuta baiti ba, me ya haɗa shi da nauyin gaɓa?

Mai Aruli:
Bakinsa ya haɗa shi da shi, Malama, ko bai sani ba. Me ya sa ake cewa wuri, wurare, damo, damame, ƙasa, ƙasashe, amma zomo, zomaye, ɓera, ɓeraye? A irin wannan jam'in, in gaɓar farko marar nauyi ce sai a maimaita baƙin, in tana da dogon wasali sai a kawo y. In kuma da baƙi ta rufe, sai a cusa wasalin "a" a tsakani: gulbi, gulabe, birni, birane. Ba yaron da aka koya wa wannan a aji, amma ba zai ce "zomame" ba.

Ɗalibin Harsuna:
Gaskiya ne, kuma a kan irin wannan hujjar masanin harsuna Paul Newman ya yi rubutu kan nauyin gaɓa a 1972. Ga ƙari. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar abin da ya wuce ma'auni biyu, wato nauyin gaɓa mai nauyi, shi ya sa kai da -n ke komawa "kan", rai ya koma "ran", kyau ya koma "kyan". Ba wurin da za a sa tagwan wasali da baƙi a gaɓa ɗaya, dole ɗaya ya rage. Karin sauti faɗau ma, irin na "yara" ko na "kai" na jiki, ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi. Sannan akwai abin da wani masanin harsuna, August Klingenheben, ya lura da shi tun shekarun 1920, cewa baƙi yakan raunana in ya zo ƙarshen gaɓa. K na talaka ya zama u a talauci. Masu Hausar yamma suna cewa zamna da amre da sabro, wasu suna cewa zauna da aure da sauro. Ba yadda za ka bayyana wannan in ba ka san inda gaɓa ta ƙare ba.

Mai Neman Sani:
Amma na ji an ce akwai harsunan da harafi ɗaya gaɓa ɗaya ne. Wannan bai gaskata Malama ba?

Ɗalibin Harsuna:
Akwai irin wannan rubutun, kamar na Vai a Laberiya, da kana na Japan. Amma zaɓin masu rubutun ne, ba halittar gaɓa ba. Ko a Japananci abin da alamar ke wakilta ma'aunin nauyi ne. Sunan Tokyo gaɓa biyu ne, amma su huɗu suke ƙirgawa, saboda wasulan biyu dogaye ne. Kowane harshe da irin gaɓar da yake yarda da ita. Turanci yana jera baƙi uku a farkon gaɓa, Hausa ba ta yarda da ko biyu ba, shi ya sa kalmar "brake" da take gaɓa ɗaya a can ta zo mana ta zama bir-ki.

Malamar Firamare:
Na karɓi maganar ɗafi, na ga yankan ba ɗaya ba ne, kuma zan daina cewa a ƙirga wasula da ido. Amma ban sauka daga kan cewa ɗan aji ɗaya ba ya buƙatar sunayen nan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne baƙi mai ruɓi. Yarana suna rubuta "hanu" da "baba" a maimakon hannu da babba, kuma hannu a haɓa ba ya kama wannan, don sau biyu take sauka ko ta yaya.

Mai Aruli:
Haɓa ƙirga take yi, ba ta auna nauyi, Malama. Ki sa su tsaya cak a tsakiya: bab, su riƙe leɓe a rufe, sannan ba. Han, harshe manne da hanƙa, sannan nu. Wanda ya ji leɓensa ya rufe kafin ya kai gaɓa ta biyu, zai rubuta b ɗin nan na farko.