Hilux Vigo daga Garwa zuwa Ennedi: me zan fara gyarawa?

DanGarwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Hilux Vigo mai injin 2KD, 2.5 turbo, ta yi kilomita wajen 190,000 amma wlh lafiyarta lau. Ni da abokaina biyu muna so in sanyi ya shigo mu tashi daga Garwa mu tsallaka Chadi har garin Fada a yankin Ennedi, arewa maso gabashin ƙasar, mu ga Guelta d'Archei, wani tafki a tsakanin duwatsun hamada, mu riƙa kwana a daji. Wani yaro a gareji yace zai jona mata kwamfuta ya ƙara mata ƙarfi, sannan in sa manyan taya da tanti na saman rufi irin na turawa. Kuɗin ba zai isa duka ba, da wanne zan fara? Waɗanda suka san hanya ku taimaka don Allah.

Makaniki_Marwa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan yaron mai kwamfuta ka gaishe shi kawai ka wuce. Ƙarfin da yake faɗa gazuwal (dizal) ne zai ƙara wa injin, ƙarin gazuwal kuma ƙarin zafi ne, to ka ɗauka kana cikin rairayi da giya ta biyu, mota cike da kaya, iska ba ta bugun radiyata sosai, nan ne fiston ke narkewa. A kan kwalta ba za ka gane ba sai ka shiga daji.

Abin da ke kashe 2KD a ƙasarmu mai ne. Ba irin injin 1HZ na Land Cruiser ba ce da za ta sha duk abin da aka zuba mata ta yi gaba, wannan famfonta yana matsa mai sama da bar 1,300 (bar ma'aunin matsi ne), ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan sai injekta su tafi. Ni da hannuna na kwance filtar wata Vigo da ta sha gazuwal na bidon a bakin hanya, na juye a kwalba, ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu da wani baƙin tsaki a ciki, mai motar yana ta rantsuwa wai man mai kyau ne. To ka sa filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta kamfani, ka tafi da sifiya biyu ko uku, in za ka zuba daga duro ka tace da ƙyalle mai tsabta.

Sai bel ɗin taimin, Toyota ta ce a canza a 150,000, an canza naka? In ba ka da tabbas canza shi da tanshina gaba ɗaya. A wanke radiyata, a duba tiyo-tiyo. Snokel kuma sa shi, ba don ruwa ba, don ya ja iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi. Kuma in ka sha doguwar tafiya kar ka kashe nan take, bar ta minti biyu tana silo turbo ya huce.

Direban_Abeche:
Maganar malam makaniki haka take. Ni dai taya zan yi magana. Kar ka sa ƙatti fiye da kima, suna cin mai, suna wahalar da kuloci, kuma in ɗaya ta fashe a Kalait ba za ka samu irinta ba, can 7.50 R16 ake sani saboda kowa Land Cruiser yake ja. Nemi mai kaurin gefe saboda ƙaya da duwatsu, sifiya biyu ba ɗaya ba, da kwamfuresa mai kyau. In ka shiga rairayi mai laushi sauke iska zuwa bar 1.2 haka, za ka ji motar ta taso kamar an rage mata kaya, kana komawa kan dutse ka mayar. Shebur da faranti na fitar da mota dole ne.

Daga Njamena zuwa Abeche ta Mongo kwalta ce, bayan nan Biltine, Arada, Kalait, sai a hankali. Tankinka bai wuce lita 80 ba, kuma abin da take sha a kwalta cikin rairayi zai iya kusan ninkawa, ka yi lissafin jarka a kan haka, ruwan sha ma haka. Kuma don Allah kar ku tafi mota ɗaya, sannan ku ɗauki ɗan jagora ɗan yankin, ku karɓi takardar izinin yawo tun a Njamena, jandarma za su tambaya. Arewa akwai wuraren da har yau nakiyoyin yaƙin Libiya suke binne, Fada ɗin nan da kake ji an gwabza a can a 1987, shi ne ake ce wa yaƙin Toyota. Ba wurin barin sawun mota ka ce za ka yanke ba ne.

Baban_Ummi:
Hhh tanti a sama, kai bature ne? Nauyi ne kawai a kan rufi, ka hau gangaren tudu a karkace ka ji yadda ciki ke ɗurar ruwa. Gadon ninkewa da bargo mai kauri sun isa, Janairu can sanyin asuba ba wasa. Takalmi dai a kakkaɓe da safe saboda kunama. Kuɗin tantin a ƙara lam (faifan sifirin) a baya da batir na biyu. Af, ta Kusiri za ku bi ko ta gadar Yagwa zuwa Bongor? Mora zuwa Dabanga a tambayi halin tsaro tukuna.

DanGarwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na kira wanda ya sayar min, yace shi bai taɓa canza bel ba, to gobe da safe gareji. Ta Bongor muke tunani. Malam direba, kana da wanda zai tashi da mota daga Njamena farkon Janairu mu haɗu?