Tambaya: yadda ake haɗa wa injin Bitil 1600 filtar baƙin mai

Mai Bitil, Gwale:
Assalamu alaikum, iyayen gida. Motata Bitil ce ta Volkswagen mai inji 1600, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Kun san ba ta zo da filta ba, sai rariyar nan ta ƙasan inji mai noti shida. Da ƙurar Kano, mai yakan yi baƙi tun kafin kilomita 5,000 ta cika. Ina so a sa mata filta ta waje. Ta ina ake ɗauko man, ta ina ake mayar da shi? Kuma dole sai an sauke inji?

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Rariyar nan tsakuwa kawai take tarewa, garin ƙarfe wucewa yake abinsa, don haka shawararka ta yi.

Famfon mai yana bayan pulin karanshaf, murfinsa noti huɗu. Man zai fito ta sabon murfi mai baki, a yanka masa zare 3/8 NPT, wato zaren bututu mai tsukewa a baki. Amma sai an zaro famfon an toshe asalin hanyar da yake tura mai cikin bulok, a yanka zare a ɗaura toshi. In aka manta wannan, man zai bi tsohuwar hanyarsa, filtar ta zama ado. Daga murfin tiyo ya tafi filta, wani ya dawo ya shiga babbar hanyar mai ta bulok, a gefen hagu kusa da puli, inda kamfani ya buga toshi. Ana huda toshin a cire, a yanka zare 3/8 NPT a nan ma.

Game da sauke inji: a sauke, a raba bulok. Akwai masu shafa giris a jikin abin yanka zaren su yi aikin inji yana ɗaure, ni ban yarda da shi ba. Wannan ramin kai tsaye yake kai mai ga metal na karanshaf, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya kankare su. A wanke hanyar da kananzir, a busa iska. Kuma bulok ɗin na maganiziyam ne, zaren NPT kuwa yana ƙara kauri ne yana shiga, in ka matse da ƙarfin tuwo sai ya tsage. Kada a naɗa farin tef ɗin masu famfo, yana yagewa ya bi mai. Man liƙe zare ya fi.

Baban Khalifa, Sharaɗa:
Oga ya gama magana, sai dai in ƙara abin da ke fasa wa mutane filta. A wannan haɗin filtar tana tsakanin famfo da bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai, wato duk abin da famfo ya turo ita ce take fara sha. Da asubar hunturu baƙin mai 20W-50 ya yi kauri, ka tayar ka taka totur, sai robar bakin filta ta fita, lita biyu da rabin da ke cikin inji ta ƙare a ƙasa kafin ka ankara. Don haka kada a ruɗe ka da famfo mai giya milimita 30, na 26 ya wadatar. A bar inji ya ɗumama a silo, a sayi filta mai kaurin gwangwani. Mazaunin filtar galibi zarensa 3/4-16 ne.

Tiyo kuma cikinsa ya kai rabin inci, mai jure zafi da matsi, a kai wa masu tiyon haidurolik su matse bakinsa da inji. Tiyon fetur da kilif ba zai yi ba. A nisanta shi da salansa da bel.

Sai alkibla: mai yana shiga filta ta ƙananan ramukan gefe, ya fita ta babban na tsakiya. In aka juya tiyon, robar cikin filta da ke hana mai komawa baya za ta rufe hanya, injin ya tashi babu mai ko ɗigo.

Mai Bitil, Gwale:
Allah ya saka da alheri. To famfon nan da filta ke ɗaure a jikin murfinsa fa, ba ya rage wahala?

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Yana ragewa, babu huda bulok, babu tiyo. Bitil ɗin Meziko na ƙarshe ma da filta a wajen famfo suka fito. Illarsa ita ce filtar tana zama dab da salansa, a zafin Afrilu kuwa injin da iska ke sanyaya shi ba ya neman ƙari. Ka kuma duba kanshaf ɗinka kafin ka saya: mai ribit uku giyarsa shafaffiya ce, mai huɗu tana da lotsawa, famfonsu ba ɗaya ba ne.

Kowanne ka zaɓa, fakin murfin famfo siriri ne kamar takarda, in aka yanko mai kauri ƙarfin mai zai faɗi. Ranar tayarwa ka cika filtar da mai, ka cire wayar koyil, ka yi ta buga sitata har jar fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da waya. Bayan ya yi minti biyar ka kashe, ka duba geji, za ta nemi ƙarin rabin lita ko fiye. Da zafi, agogon mai ya nuna wajen psi 10 (ma'aunin ƙarfin mai) a kowane juyin inji 1,000 a minti.