Shekara 6 ina kaɗa jita, yanzu an miƙa mini bas (jita mai kaurin murya): ta ina zan fara?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Shekara 6 ke nan ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya da ke zuwa bukukuwan aure a nan Garwa. Mai kaɗa mana bas ya samu gurbin karatu a jami'ar Ngaundere, shi ya sa aka ce in karɓi wurinsa, tunda tsirkiyoyin bas guda 4, wato mi, la, re da sol, su ne dai masu kaurin nan 4 da na saba da su a jita. Na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi, amma mako 3 ke nan hannuna na hagu yana ciwo, mai gangarmu kuma ya ce ina cika masa kunne, ba ya samun wurin ajiye ƙafarsa. Ina kuskuren yake? Kuma zan iya ci gaba da jona bas ɗin a amfilifayar jitata kafin in samu wata?

Tsohon Mai Bas, Marwa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ni ma ta ƙofar jita na shigo, saboda haka na san ciwon da kake faɗa. Tsawon tsirkiyar bas da aka fi sani inci 34 ne, kimanin santimita 86, ta jita kuwa ba ta cika wuce santimita 65 ba. Wannan ya sa gidan farko (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera, inda ake danna tsirkiya) a wuyan bas ya kai kusan santimita 5, alhali a jita bai kai 4 ba. Idan ka dage sai kowane yatsa ya riƙe gidansa kamar yadda ka saba, jijiyar hannunka ce za ta biya. A gidajen da ke kusa da kan bas ɗin, yi amfani da manuniya da na tsakiya da ƙaramin yatsa su rufe gida 3, sauran kuma ka matsar da hannun gaba ɗaya. Ka danna dab da bayan ƙarfen gidan, babban yatsa yana bayan wuya ba tare da matsi ba.

Amma ƙorafin mai gangarku ya fi ciwon hannu muhimmanci. Mai jita ya saba da cewa idan ya ga fili sai ya cike shi, kunnensa kuma yana bin mawaƙi. Mai bas kunnensa yana wurin babbar gangar da ake bugawa da ƙafa. Ka lura da masu kalangu a wurin biki: uwar kalangu tana magana, tana kirari, tana juya murya yadda ta ga dama, amma ba za ta iya hakan ba sai da mai kurkutu da ya tsaya a kan bugu guda bai gaji ba. Kujerar da aka ba ka ke nan. Na shawarce ka da ka yi wata guda ba ka kaɗa komai sai tushen kowane akor, wato sautin da aka gina kowane haɗin sautuka a kansa, daidai lokacin da ƙafar mai ganga ta sauka, bayan nan ka ƙara sauti na biyar daga tushen da oktab, wato tushen da ya sake dawowa a sama, sauti na takwas. Za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, amma ranar da ka ga mata sun miƙe rawa a kan sauti biyu kacal, za ka gane nauyin abin da ke hannunka.

Kada kuma ka ɗauka an rage maka matsayi. Shahararren mai bas Richard Bona, wanda aka haifa a Minta da ke Kamaru a 1967, balafon da jita ya fara kaɗawa, sai da ya ji faifan Jaco Pastorius, mai bas ɗan Amurka, a Duwala sannan ya koma bas. Ƙasar da ta fitar da shi da masu bas irin su Étienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco ba ta raina wannan kayan kiɗa ba, kuma duk wanda ya saurari makossa, kiɗan rawa na Kamaru, da kyau ya san bas ne ke jan ragamarta.

Mai Ganga, Njamena:

Malam ya faɗi gaskiya, zan ƙara abu ɗaya daga kujerar mai ganga. Abin da ya fi damunmu da masu jitar da suka koma bas shi ne ba sa kashe sauti. Tsirkiyar bas mai kauri ce, idan an taɓa ta tana daɗewa tana gurnani, har maƙwabtanta su kama amsawa ba tare da an taɓa su ba. Wataƙila wannan gurnanin ne ɗan'uwana yake kira cika kunne. Idan kana kaɗa re ko sol, ka kwantar da babban yatsan dama a kan masu kaurin, yatsun hagu kuma su shafi na ƙasa. Inda sauti ya ƙare yana da daraja daidai da inda ya fara, domin a wannan ɗan shirun ne ƙaramar gangata take fitowa. Ku riƙa zama ku biyu kaɗai, ba jita ba mawaƙi, ko da rabin sa'a ne kafin sauran su iso.

Mai Gyaran Kayan Sauti, Kusiri:

Game da amfilifaya, ɗana, ka yi hattara. Mi ɗin bas yana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, na jita sau 82, kuma sifikar jita ba a ƙera ta don irin wannan tunkuɗa ba. A ɗaka da ƙaramar murya babu laifi, amma a filin biki za ka yaga ta. Gara ka shigar da bas ɗin cikin na'urar haɗa sauti ta ƙungiyarku. Sannan ka duba tazarar tsirkiya da wuya, domin busasshiyar iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna lanƙwasa katako, tsirkiya ta yi sama, dannawa ta yi wuya. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa don daidaita shi, amma kaɗan-kaɗan ake yi, kuma karon farko ka kai wa wanda ya iya. Mai yiwuwa wani ɓangare na ciwon hannunka daga nan yake.

Ɗan Garwa:

Allah Ya saka muku da alheri. Baba, na duba, lallai tsirkiyoyin sun yi sama sosai a tsakiyar wuya, gobe zan kai shi gyara. Yaya na Marwa, saura abu ɗaya: dole ne in ajiye 'yar robar da nake kaɗa jita da ita?

Tsohon Mai Bas, Marwa:

Ba dole ba ne, akwai manyan masu bas da ke kaɗawa da ita. Sai dai a irin kiɗan bukukuwanmu na fi son yatsu biyu, manuniya da na tsakiya suna karɓeɓeniya, domin sautinsu ya fi taushi kuma sun fi saurin kashe tsirkiya. Za su yi bororo a makon farko, kada ka fasa shi, ka rage lokacin atisaye har fatar ta yi kanta. Ka sa robar a aljihu ranar biki, ko da yatsun za su gaza kafin a tashi.