Kwafar fayil tsakanin kwamfutocina biyu ta tsaya a megabayit 11, ina matsalar take?

Mai_Tace_Bidiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata tace bidiyo ce, kuma abin da kyamara ke fitarwa yana da nauyi, aiki ɗaya kan kai gigabayit 40. Na ɗauko tsohuwar kwamfutata na sa mata Ubuntu, wato wani nau'in Linux, da Samba, manhajar da ke raba fayiloli da Windows, na mai da ita rumbun ajiya. Wadda nake aiki a kanta Windows 11 ce. Da kebul na haɗa su, ta suwic (akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci) mai gigabit, ba Wi-Fi ba. Amma duk sanda na ja fayil, gudun yana tsayawa cak a megabayit 11 cikin sakan, ba ya hawa ba ya sauka. Aiki ɗaya sai ya ci mini awa guda ina zaune ina kallon allo.

Mako biyu ke nan ina fama. Na samo wani layi a intanet da aka ce yana ƙara gudu, socket options mai SO_RCVBUF=8192 da SO_SNDBUF=8192, na zuba shi a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ban ga canjin komai ba. Yanzu har na fara tunanin sayen SSD, faifan ajiya mai sauri marar juyawa, ko faifan da ke ciki ne ya tsufa. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon_Mai_Kebul:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Wannan 11 ɗin da ka faɗa ita ce ta tona asirin matsalar. Layin megabit 100, in ka raba shi gida takwas, tunda bit takwas ne bayit ɗaya, megabayit 12.5 zai ba ka, in aka cire abin da bayanan sarrafawa ke ci sai a dawo 11 da ɗoriya. Faifan da ya gaji hawa da sauka yake yi, ba ya tsayawa a lamba ɗaya kamar an ɗaure shi. Ina kyautata zaton layinka a 100 yake tafiya, ba a 1000 ba.

A Ubuntu ɗin rubuta ethtool da sunan katin sadarwarka, ka duba layin Speed. A Windows buɗe PowerShell ka rubuta Get-NetAdapter, ka duba LinkSpeed. Siraran wayoyi takwas ne a cikin kebul. Gigabit sai da dukansu takwas, amma megabit 100 huɗu sun ishe shi. In guda ɗaya ta tsinke ko ba ta matsu da kyau a kan ba, na'urori da yawa sai su sauko 100 shiru, fitila tana ci, intanet yana aiki, kai kuma ba ka san an rage maka ba.

Ɗan_Saba:
Ni dai shawarata ka kunna jumbo frames, wato ka ɗaga MTU, girman ƙunshin bayanan da ake turawa a layi, daga 1500 zuwa 9000. Ni na yi, na ga bambanci.

Tsohon_Mai_Kebul:
Ƙanena, ba yanzu ba. A layin gigabit abin da jumbo ke ƙarawa kaɗan ne, kamar kashi biyar cikin ɗari, shi kuwa wannan bawan Allah kashi tara cikin goma na gudunsa ne ya ɓace. Kuma sai kwamfutocin biyu da suwic duk sun yarda da 9000, in ɗaya bai yarda ba sai ka ga fulda tana buɗewa amma kwafa tana maƙalewa. Wanda ya nace sai ya yi, ya gwada da ping -f -l 8972 daga Windows, in ya wuce to hanyar ta ɗauka.

Mai_Tace_Bidiyo:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Wallahi yadda ka faɗa haka na tarar. Windows tana nuna 1 Gbps, amma ethtool ya nuna 100Mb/s. Kebul ɗin da ke zuwa rumbun ni na matse kansa da hannuna shekarun baya. Da na ɗaga shi a haske sai na ga wayar nan mai launin ruwan ƙasa ba ta kai ƙarshen kan ba, haƙorin bai kama ta ba. Na yanke na sake matsewa, nan take ya koma 1000.

Sai dai da sauran rina a kaba. Babban fayil yanzu yana tafiya tsakanin megabayit 50 da 60, na ji kuwa ana cewa ya kamata ya haura 100. Abin da ya fi damuna ma shi ne fuldar hotuna, ƙananan fayiloli wajen dubu ashirin, nan gudun yakan faɗo ƙasa da 10 kamar ban gyara komai ba.

Injiniya_Uwargida:
Malam, matsala biyu ce ka haɗa, kowacce da maganinta.

Ta farko, raba layin da faifan ka auna kowanne shi kaɗai. Sa iperf3, manhajar auna gudun layi, a kwamfutocin biyu, a rumbun ka rubuta iperf3 -s, a ɗayar kuma iperf3 -c da adireshin rumbun. Wannan ba ya taɓa faifai ko kaɗan. Lafiyayyen gigabit wajen megabit 940 yake bayarwa. In ka ga haka, layinka ba shi da laifi, sai a koma kan Samba.

Ni kuma tun saƙonka na farko idona yake kan layin socket options ɗin nan. Goge shi gaba ɗaya. Shawara ce ta zamanin da, lokacin da ake fama da layin megabit 10 da 100. Linux na yanzu da kansa yake faɗaɗa ma'ajiyar karɓa da aikawa gwargwadon buƙata, amma da zarar ka rubuta masa lamba da hannu sai ya daina, ya tsaya a kan 'yar ƙaramar da ka ba shi. A layin 100 ba ka ji ciwonta ba saboda layin ne ke riƙe ka, yanzu da hanya ta buɗe ita ce ta shaƙe ka. Yana ba ni takaici yadda wannan layin yake yawo har yau, mutane suna kwafa suna cutar da kansu.

Bayan ka goge, sake tayar da smbd, shirin Samba da ke gudana a rumbun, ka rubuta Get-SmbConnection a Windows ka tabbatar Dialect yana nuna 3.1.1. Lokacin da kwafa ke tafiya kuma ka buɗe top a rumbun, ka ga abin da ke cin ƙarfin furosesa. In smbd ya cinye ƙwaya ɗaya ta furosesa ɗari bisa ɗari, wataƙila sa hannun tsaro na SMB ne, wato tsarin da Windows da Samba ke musayar fayil da shi, domin Windows 11 Pro daga sigar 24H2 ta wajabta shi, tsofaffin furosesa marasa AES-NI, abin da ke saurin lissafin tsaro, kuma suna jin jiki. Ban ce ka kashe shi ba, ka dai san inda ƙarfin yake tafiya.

Ta biyu, ƙananan fayiloli. Wannan ba laifin kebul ba ne. Kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta, an sa masa kwanan wata, an rufe, kuma kowane mataki sai an jira amsar ɗaya ɓangaren. Sau dubu ashirin ke nan, layin yana zaune yana jira. Yi amfani da robocopy, umarnin kwafa na Windows, da /MT:16, zai riƙa tura goma sha shida lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. In ajiya kawai za ka yi, ɗaure fuldar ta zama zip guda ɗaya ka tura.

Mai_Tace_Bidiyo:
Na gode ƙwarai, Hajiya. iperf3 ya ba ni 941. Na goge layin, na sake tayar da smbd, babban fayil ya hau 112 ya zauna a nan. Aikin da ke cin awa guda yanzu minti shida ne. Furosesar ma ba ta kai rabi ba, don haka sa hannun tsaron na bar shi yadda yake. Fuldar hotunan da robocopy ta kai wajen 45, kuma ina jin faifan yana ƙara sosai, ina ganin a nan kam shi ne iyakar.

Tambaya ɗaya ta rage. Kebul ɗina Cat5e ne, tsawonsa bai kai mita 15 ba. In na sa katin 2.5 gigabit a kowacce na canja suwic, sai na canja kebul ɗin ma?

Tsohon_Mai_Kebul:
A'a, bar shi. An tsara 2.5 gigabit ne don ya yi tafiya a kan Cat5e har mita 100. Layin zai iya ba ka wajen megabayit 280, amma faifai mai juyawa guda ɗaya da wuya ya ciyar da shi haka. A ranar ne maganar SSD ɗinka za ta taso.