Musayar Waƙa: Tattaki Tsakanin Dajin Fayin da Yashin Formby

Dattijon Manchesta:

Assalamu alaikum. A waƙe na kawo tambayata, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya zaɓi amsa-amonsa ya tsaya a kansa.

Da sunan Allah na fara wannan tambaya,
Salati ga Annabi, gaisuwa kuma ga kowa.
Shekaru sun ja, ga gwiwa tana ƙorafi,
Amma zaman ɗaka ya fi ciwon cutarwa.
An ce mini arewa da birnin Libaful
Akwai gaɓar da daji da teku suke haɗuwa,
Inda itatuwan fayin, masu ganye kamar allura, suke tsaye bisa yashi,
Kuma mai dogara sanda ma yana iya zagayawa.
Ku 'ya'yana da kuka taɓa taka wurin,
Ku faɗa mini gaskiya, ban da ƙawatawa:
Ta ina ake shiga, kuma a ina sauƙin ya ƙare,
Don kada in je in zama kayan ɗaukowa?

Ɗalibar Libaful:

Wa alaikumus salam, Baba, sannu da ƙoƙari,
Formby ake nufi, kuma an gaya maka gaskiya.
Ka hau jirgin ƙasan da yake zuwa Southport,
Daga Libaful wajen rabin awa ce tafiya.
Ka sauka a Freshfield, ka miƙe titin Victoria,
Kimanin mil guda ne, babu gargada a hanya.
Daga nan inuwar fayin za ta karɓe ka,
Ƙasa ta yi laushi da siraran ganyen bishiya.
Ƙungiyar National Trust ce take kula da wurin,
Tun shekarar 1967 take riƙe da wannan dukiya.
Akwai gajeren zagaye da aka ware don kallon kurege,
Babu wani hawa a cikinsa da zai ba ka wuya.
Jan kurege nake nufi, mai tukkun gashi a kunne,
Wanda ya yi ƙaranci a Ingila gaba ɗaya.
Ka je da sassafe, ka rage magana, ka ɗaga kai,
Don a reshe yake, yana ɓare ƙwallon fayin ya ci ƙwaya.

Ɗan Damagaram:

Ƙanwata, kin yi bayani, amma kin tsaya a rabi,
Kin bar Baba a inuwa yana shaƙar ƙamshi.
Tambayarsa ita ce a ina sauƙin ya ƙare,
Amsa kuwa, yana ƙarewa inda daji ya ba da wuri ga yashi.
Tsakanin itatuwa da ruwa akwai tudun rairayi,
Wanda iskar teku ta tara, kuma har yau take tura shi.
Ƙafa tana nutsewa, kana gaba yana jan ka baya,
Saurayi ma kafin ya kai ƙoli sai ya yi nishi.
Jerin tuddan gaɓar Sefton, wanda Formby ke cikinsa,
A duk faɗin Ingila babu wani da ya fi shi.
Shawarata, Baba, ka bi hanyar da aka tanada,
Ka riƙa tsayawa a hankali kana mai da numfashi.
In ka haye, sauƙi zai dawo a bakin ruwa,
Don jiƙaƙƙen yashi yana da tauri, ba ya wahal da ƙashi.
In gari ya yi garau za ka hango duwatsun Wales,
Da fankokin lantarki a teku, kowanne iska na juya shi.

Dattijon Manchesta:

Madalla da ku, Allah ya yi muku albarka,
Ɗaya ta ba ni inuwa, ɗaya ya nuna mini hawa.
Sai dai ku warware mini abin da ya ɗaure mini kai:
Yaya daji ya tsiro inda ciyawa ma ke wahalar fitowa?

Malama Bazazzagiya:

Baba, ba da kansa ya tsiro ba, hannu ne ya kafa shi,
Dajin nan da kake jin labarinsa, asalinsa shuka.
Daga ƙarshen ƙarni na 19 masu filayen yankin,
Irin su gidan Weld-Blundell, suka dasa shi don tare iska,
Domin yashi ya daina binne gonakin asfaragos,
Kayan lambun da Formby ta yi suna da shi ba shakka.
Da yawa cikin itatuwan ma ba 'yan ƙasa ba ne,
Irinsu ya samo asali ne daga tsibirin Kosika.
Dabarar ba baƙuwa ba ce ga mutumin Yobe ko Damagaram,
Mai dasa darbejiya don rairayi ya bar masa gona da bukka.
Jan kuregen kuwa mafaka ya samu a wannan daji,
Bayan an kawo ɗan'uwansa daga Amurka, mai launin toka.
Tun 1876 baƙon yake yaɗuwa a Ingila,
Ɗauke da cutar da ba ta kashe shi, sai ja take halaka.
A 2008 annobar ta afka wa na Formby,
Ta kashe wajen kashi 80 cikin 100, saura kaɗan ta share duka.
Sun farfaɗo a hankali, shi ya sa ake roƙon mai kare
Ya riƙe shi da igiya a hanyar da kurege ke sauka.

Ɗan Damagaram:

Malama, tarihinki daidai ne, ban ƙi ko ɗaya ba,
Amma shukar nan ta bar wa gaɓar wani bashi.
Tudun yashi da motsi yake rayuwa, ya ja baya ya sake taruwa,
In aka tokare shi da daji, an hana shi tashi.
Teku tana ci ta gaba, a wasu wurare har mita 4 a shekara,
Daji ya tsaya ta baya, su biyun suna ta matse shi.
Akwai wani kwaɗo mai rawayan layi a gadon baya,
Wanda gudu yake yi maimakon tsalle, in kin gan shi.
Yana zuba ƙwai a kududdufai marasa zurfi tsakanin tuddai,
Kuma a daren Afrilu da Mayu daga nesa ake jiyo shi.
Itatuwa suna shanye ruwan, inuwa tana rufe fili,
Ribar kurege ke nan ta zame wa kwaɗo rashi.
Shi ya sa aka sare wani sashe na fayin a Ainsdale, maƙwabciyar Formby,
A shekarun 1990, har mazauna wurin suka ji haushi.

Malama Bazazzagiya:

Malam, na ji hujjarka, kuma ban raina kwaɗo ba,
Amma ba na goyon bayan a bi dajin da gatari duka.
Wanda gwiwarsa ba ta son tudu, da mai tura keken jariri,
Rabonsu a gaɓar nan hanyar daji ce, ita za su taka.
A sare inda ya tokare tudu, a bar na baya a tsaye,
Ni a ganina adalci shi ne a yi haka.

Ɗalibar Libaful:

Yaya da Malama, ku jingine gatarin tukuna,
Cin da teku ke yi ya tono wata tsohuwar ajiya.
In ruwa ya janye akan ga shimfiɗar laka a cikin yashi,
Ɗauke da sawun mutane, manya da yara, suna tafiya.
Wasu sawayen sun haura shekara 7000, ga na barewa da gauraka,
Ga na wani bijimin daji da irinsa ya ƙare a duniya.
Gordon Roberts, tsohon malamin makaranta, ya lura da su a 1989,
Ya riƙa aunawa yana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya,
Domin ba sa daɗewa, ruwan da ya buɗe su shi ke shafe su,
Saboda haka a tsaya a gefe a duba, kada a mai da su hanya.
Kudu kaɗan, a ƙarshen titin Lifeboat, akwai ragowar gini,
Tashar jirgin ceto ce da aka kafa tun 1776, ta farko a Birtaniya.
Baba, ka duba jadawalin cikar teku kafin ka fito,
Don ruwan yana shigowa da sauri, ya zagaye mutum ta baya.
An hana kunna wuta da gashin nama a daji da gaɓa,
Kuma ka zo da rigar sanyi, iskar wurin ba ta da kunya.

Ɗan Damagaram:

Ƙanwata, duk na amince, sai dai in ƙara abu guda:
Ranar hutu motoci kan cushe wurin, jirgi ya fi, a hau shi.
Malama kuwa, batun gatari bai mutu ba tukuna,
Ki je Ainsdale da dare a Mayu, ki yi wa kwaɗo hukunci bayan kin ji shi.